Lam na santimita 50 ko na 63: wanne ya dace da Stihl MS 382 a aikin itacen Damagaram?

Mai sayen injin yankan itace a Damagaram yakan fara da duba tsawo. Kafin ya tambayi ƙarfin injin ko irin sarƙar, idonsa ya riga ya sauka kan ƙarfen nan mai faɗi da sarƙa ke zagayawa, wanda takardun Faransanci ke kira guide-chaîne, masu gyara kuma su ce lam. A ganin mutane da yawa, dogon lam shi ne babban inji. Wannan tunani yana cin kuɗin masu sana'a fiye da yadda suke zato, yana cin sarƙa, yana cin kuloci (abin da ke haɗa juyin inji da sarƙa), wani lokaci ma ya ci jikin mai aikin.

Abin da za mu auna a nan shi ne lam ɗin kamfanin Stihl da ake ɗora wa MS 382 da yayansa MS 381, domin su ne injinan da mai neman abinci da wannan sana'a ya fi sa wa rai. Dukansu biyu cc 72.2 ne, ƙarfinsu kilowat 3.9, wato doki biyar da ɗoriya. MS 382 nauyinsa kilo 6.2 ba lam ba sarƙa ba mai. Tazarar sarƙarsu 3/8 ce, kaurin ƙafarta, wato ɓangaren da ke shiga kwarin lam, milimita 1.6. Hukuncinmu tun daga farko: lam na santimita 50 shi ne na aikin kullum a wannan ƙasa, na 63 a ajiye shi don ranar da aka gamu da babban gindi, abin da ya wuce haka kuwa ya fi ƙarfin wannan inji, a nemo masa wani.

Dalili na farko yana tsaye a bakin titi da cikin gonaki. Mene ne ainihin abin da ake kiran mai inji ya yanka a Zinder? Dogon yaro da ya tsufa ya jingina da katanga a Birni ko Zango, reshen da ya kusa taɓa wayar lantarki, turare da aka shuka a garka don azara, bishiyar da iskar farkon damina ta kayar a kan hanyar Mirya, busasshiyar bagaruwa ko aduwa da za a daddatsa don girki, sai kuma kirya ga masassaƙin turmi. Akwai hanya mai sauƙi ta sanin kaurin kowanne. A zagaya gindin da igiya daidai inda za a yanka, a auna igiyar, a raba da 3.14. Igiyar santimita 157 tana nufin faɗin gindin santimita 50 ne. Ta mita 2 tana ba da 64, ta mita 3 tana ba da kusan 95. In babu abin awo, bishiyar da babban mutum ya runguma yatsunsa suka haɗu a baya faɗinta bai wuce santimita 50 zuwa 55 ba. Duk wanda ya yi wannan awo a kan aikinsa na wata guda zai ga mafi yawan abin da yake yanka bai kai rungumar mutum ɗaya ba.

Kuma lam ba sai ya kai faɗin itace ba kafin ya kayar da shi. Ana yanka daga gefe ɗaya, a zagaya a ƙarasa daga ɗayan, don haka lam yana iya ɗaukar gindin da ya kusa ninka tsawonsa. Sai dai a lura, tsawon da aka rubuta ba duka ke shiga itace ba. Ƙayoyin ƙarfen nan da ke gaban injin, waɗanda ake kafawa a jikin itace, suna cinye ƴan santimita. Ko da an cire wannan, lam na 50 yana kayar da gindin santimita 85 zuwa 90 a hannun wanda ya iya. Bishiya nawa ce ta wuce haka a cikin abin da doka ta yarda a sare? Manyan gindayen da ke ƙasar nan yawanci gawo ne da kuka da tsamiya. Gawo kuwa, wanda ya rufe gonakin Magarya da Matamai da Mirya, yana zubar da ganye da damina ya ba gero taki, ya yi ganye da rani ya ciyar da dabbobi, tun zamanin sarakunan Damagaram na da ake tsananta wa mai saransa. Yau ma dokar gandun daji ta Nijar, mai lamba 2004-040 ta ranar 8 ga Yuni 2004, ita ke tsara sare itace, kuma mai inji bai kamata ya taɓa bishiya a tsaye ba sai da takardar jami'an gandun daji a aljihunsa. Wanda ya sayi lam na santimita 90 don aikin cikin gari ya sayi kayan itacen da ba zai samu izinin taɓawa ba.

Dalili na biyu yana cikin injin kansa. Saurin sarƙa yana zuwa ne daga juyin inji da yawan haƙoran pinyo, wato ƙarfen da ke jikin kwanon kuloci yana jan sarƙar. Ƙara tsawon lam ba ya ƙara saurin nan ko kaɗan. Abin da yake ƙarawa shi ne nisan da sarƙa za ta goga cikin kwarin lam, da nauyin sarƙar da inji zai ja, da yawan haƙoran da ke iya nutsewa cikin itace lokaci guda. Lissafin a fili yake. Sarƙar lam na 50 tana da ƙafafu 72, wato haƙoran yanka 36. Ta 63 tana da ƙafafu 84, haƙora 42. Ta 75 tana da ƙafafu 98, haƙora 49. Dokin da ke jan su bai canza ba, biyar ne da ɗoriya. Idan aka nutsa lam na 75 gaba ɗaya cikin busasshiyar kirya, za a ji muryar injin ta faɗi, daga kuka mai tsini ta koma gurnani. Mai aiki sai ya ƙara dannawa, juyi ya ƙara raguwa, kuloci ya fara santsi a cikin kwanonsa. Alamar tana fitowa daga baya: kwanon kuloci ya yi shuɗi, robar da ke kewaye da shi ta narke, ƴan sifirin ɗin kuloci su saki har sarƙa ta riƙa juyawa ko injin yana zaune ba a taɓa maƙogwaronsa ba. Ga kuma abin da ba a gani da ido. Fankar da ke sanyaya silinda a jikin injin take, da juyinsa take juyawa. Inji mai nishi ƙarƙashin kaya yana samun iska kaɗan a daidai lokacin da ya fi zafi, kuma a watan Afirilu da Mayu, lokacin da zafin Zinder ke haura digiri 40, wannan shi ke kai fistan ga karcewa.

Sai maganar mai. Famfon man sarƙa yana da iyakar abin da zai iya turawa. A ƙarƙashin injin akwai ɗan sukurun da ake murɗawa a ƙara ko a rage. Da lam na 50, matsakaicin saiti ya isa a ɗanyen itace. Da na 63, a buɗe shi har ƙarshe, musamman a busasshe. Da na 75 ko 90, ko an buɗe duka, man yakan ƙare aikinsa kafin ya zagayo ƙasan lam inda yankan yake, domin yana fita ne daga gindin lam ta sama, ya bi sarƙa har hanci, a can wani kaso ya fantsale, ragowar ce ke dawowa ta ƙasa. Gwajin ba shi da wuya. A nufi hancin lam ga farin kwali ko sabon kututture, tazarar kamar tafin hannu, a ba inji matsakaicin wuta na ƴan daƙiƙu. In layin mai ya bayyana, da kyau. Haka kuma duk lokacin da fetur ya ƙare a duba tankin man sarƙa: ya kamata ya yi ƙasa sosai amma da saura. In yana nan kusan cike, ramin mai da ke gindin lam ya toshe da dusa, ko famfo ya gaza. A nan dole mu faɗi gaskiya kan baƙin man da ake juyewa daga mota. Arha gare shi, ko'ina ana samunsa, amma ba shi da danƙon da zai riƙe sarƙa, yana ɗauke da garin ƙarfe da ke cin famfo, kuma yawan taɓa shi yana cutar da fata. Gajeren lam yakan jure shi na ɗan lokaci. Dogo ba ya jurewa, leɓɓansa, wato gefuna biyu na kwarin, suke fara yin shuɗi.

Dalili na uku shi ne ƙasarmu, kuma a nan ne shawarar da aka rubuta don dazuzzukan Turai take gaza mana. Itacen Damagaram ba ya rabuwa da rairayi. Iskar hunturu tana cusa ƙura cikin kowace tsagar ɓawo, gara tana hawa da jar ƙasa har tsayin mutum, gungumen da ya kwana biyu a jigawa rabinsa ya nutse. Ga bishiyoyin bakin titi da ke cike da ƙusoshi da wayar da aka ɗaure rumfa shekaru da suka wuce, itace ya girma ya haɗiye su. Sarƙa tana gudu fiye da mita 20 a daƙiƙa, don haka taɓa ƙasa na ƙiftawar ido ya isa kowane haƙori ya bi ta cikin yashin sau da yawa. Mai dogon lam da ke datsa gungume mai faɗin santimita 30 a ƙasa yana da ragowar santimita 30 ko 40 da ke leƙawa ta baya inda ba ya gani, kuma can ne hanci ke nutsewa cikin rairayi. Nan take ɓarɓashin da ke fitowa manya-manya ya koma gari kamar dusar gero. Sai a zauna wasa. Haƙora 36 sau uku-uku da magagari shafa 108 ke nan. Haƙora 49 kuwa 147. Wanda ke wasa sau biyar ko shida a yini ya san bambancin a yatsunsa, kuma gajiya ce ke sa mutum ya fara tsallake wasa ya koma danna inji.

Kada a ce mun rufe ido ga amfanin dogon lam. Yana da shi. Mai datsa itacen girki yini guda ba ya sunkuyawa sosai da na 63, bayansa yana hutawa. A babban gungume yana yanke shi a tafiya ɗaya, fuskar yankan ta fito sumul, abin da masassaƙin turmi ke so, domin yanka biyu daga gefe biyu ba kasafai suke haɗuwa daidai ba. A tsabtataccen itace kuma yawan haƙora yana raba aikin, sarƙa ta ɗan daɗe kafin ta dakushe. Shi ya sa muka ce na 63 ya cancanci zama na biyu a cikin buhun kayan aiki, da sarƙarsa a naɗe cikin tsumma mai mai. Canza lam bai wuce minti biyar ba. Amma a riƙe MS 382 da na 63 ta hannun gaba a sake shi ya rataya, za a ga hanci yana rinjaya ƙasa. Da na 50 yana tsayawa kusan daidai. Wannan ɗan rinjaye, in aka yi sa'o'i ana sassabe rassa, a wuyan hannun hagu da kafaɗa yake taruwa, kuma hannun da ya gaji shi ne ke sakaci.

Sakacin da ya fi kowanne haɗari shi ne harbin inji. Idan kashin sama na hancin lam ya taɓa wani abu, reshe ko bango ko gungumen da ke baya, sarƙar takan cije, injin ya yi tsalle sama da baya zuwa fuskar mai riƙe da shi, cikin lokacin da bai isa mutum ya kauce ba. Kowane lam yana harbi. Bambancin shi ne mai gajeren lam yana ganin hancinsa, mai dogo kuwa hancin yana can cikin ganye ko bayan itace. A cikin gidajen Birni, inda bishiya ke tsakanin katangar ƙasa da rufin kwano da igiyar shanya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Birkin sarƙa ya kasance yana aiki, babban yatsan hagu ya zagaye hannun gaba, kada a yi yanka sama da kafaɗa, kada kuma a hau bishiya ko tsani da injin kilo bakwai da wani abu. MS 382 injin ƙasa ne.

To, in tsawo ya zauna, sai irin lam, domin Stihl yana yin iri uku da suka shafe mu. Rollomatic E faranti uku ne aka haɗa, da ƴar tauraruwa mai juyawa a hanci. Ba shi da nauyi, ya fi sauƙin kuɗi, sarƙa tana gudu a kansa ba tare da cin ƙarfin inji ba. Rauninsa shi ne in gungume ya matse shi aka yi ta fizga yana iya lanƙwasa, kuma in tauraruwar ta mutu yawanci lam ɗin ya tafi ke nan. Rollomatic ES ƙarfe ɗaya ne dunƙule, ya fi tauri, hancinsa kuma ana cire shi a sa sabo. Duromatic E ba shi da tauraruwa sam, an lulluɓe hancinsa da wani ƙarfe mai tsananin tauri, sarƙa tana goga a kai ta wuce. An yi shi ne don ƙazamin aiki: saiwa, kututture, itacen da ya sha ƙasa. Ga mai aikin cikin gari da garka, Rollomatic E na 50 ya wadatar, ES ya fi shi daɗewa in aljihu ya ɗauka. Ga mai tono kututture da datsa itacen da aka ja a ƙasa, Duromatic ya fi kwanciyar hankali, domin yashi ba shi da ƙwallayen da zai shiga ya kashe. Amma yana cin ƙarfin inji fiye da mai tauraruwa, yana son mai sosai, kuma ana barin sarƙarsa da ɗan sassauci fiye da ta Rollomatic. Saboda haka Duromatic mai tsawon 63 a kan wannan inji ya haɗa nauyi biyu, mu dai ba za mu ba da shawararsa ba sai da larura.

Sarƙa ma a zaɓa da ido. Rapid Super, mai haƙori mai kusurwa, tana yanka da sauri a ɗanyen itace mai tsabta, amma tsininta ɗaya ne, yashi na taɓa shi ya tafi. Rapid Micro, mai haƙori mai ɗan zagaye, ta ɗan fi jinkiri amma tana riƙe kaifi a cikin ƙura, kuma ta fi sauƙin wasa. A ƙasar nan ita ce ta gida. Magagarin sarƙar 3/8 ta Stihl milimita 5.2 ne, ana riƙe shi a kusurwar digiri 30, ana turawa daga ciki zuwa waje, a ɗaga shi a dawowa. Ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori, wanda ke ƙayyade zurfin cizo, ya zauna milimita 0.65 ƙasa da bakin haƙorin. Masu son inji ya ci da sauri sukan goge tudun nan fiye da kima. A gajeren lam injin yana iya ɗauka da kyar, a dogo kuwa sarƙa takan cije ta tsaya, girgiza ta ƙaru, harbi ma ya fi kusa.

Wurin saye ne aka fi yin asara, ko a kasuwar Dole aka samu kayan ko daga Kano aka yo saƙonsu. Faɗin "lam na MS 382" kawai bai isa ba. Abu huɗu ne dole su dace, kuma an buga su a gindin lam ɗin: tsawo, tazarar sarƙa, faɗin kwari, da yawan ƙafafu. Na biyar shi ne siffar gindin, wato tsagar da kusoshin inji ke shiga da ramin mai. Lambar lam ɗin da ya dace da MS 381 da 382 tana farawa da 3003. Mai farawa da 3005 na ƙananan injina ne irin MS 180 da MS 250. Mai 3002 na manya ne irin 070. Lam ɗin Husqvarna kuma gindinsa daban ne, kwarinsa yawanci milimita 1.5, kuma ko tsawo ya zo ɗaya ƙafafu na iya bambanta: na santimita 45 a Stihl ƙafafu 66 ne, a manyan Husqvarna 68. In aka sa sarƙar 1.5 cikin kwarin 1.6 za ta shiga, har ta yi yanka, amma tana rawa, tana cin leɓɓa ta ciki, yanka ya riƙa karkata. A sarƙar Stihl akwai lamba a jikin kowace ƙafa: 6 tana nufin 1.6, 5 tana nufin 1.5, 3 tana nufin 1.3. Tazara kuwa ana gane ta da auna tsakanin ƙusoshi uku a jere a raba biyu. Kusan milimita 19 a ƙusoshi uku 3/8 ce, 16.5 ita ce .325, 20.5 kuma .404. Hanya mafi tsaro ita ce a tafi da tsohon lam da tsohuwar sarƙa, a ɗora sabon a kan tsohon a ga ramukan mai sun hau juna. In saƙo za a yi, a ɗauki hoton rubutun gindin a tura ta WhatsApp.

Jabu ya yi yawa, kuma fenti da rubutu ba shaida ba ne, masu kwaikwayo sun iya su. A duba kwarin daga gindi zuwa hanci, faɗinsa ya zama ɗaya. A sa sarƙa a ja da hannu, kada ta cije a wani wuri ta yi sako-sako a wani. A juya tauraruwa da yatsa, ta juya sumul ba tare da rawa gefe da gefe ba. A miƙe lam ɗin a gaban ido kamar mai duba sandar gini, a ga ko ya karkace. Lam na kwaikwayo leɓɓansa taushi gare su, cikin ƴan kwanaki sai su cinye, kuma da yake dogon lam ya fi son mai ya fi zafi, jabun dogo ya fi jabun gajere saurin mutuwa. Haka abin yake ga ƙananan injinan nan masu arha na cc 52 da 58 da ke zuwa da lam na santimita 50 ko 55. Tsawon ya yi musu yawa. Mai irinsu in ya mayar da su na 40 ko 45 zai ji kamar an canza masa inji.

Kula da lam ba shi da tsada, sai dai yana son a riƙa yi. Duk lokacin da aka wasa sarƙa sosai ko aka canza ta, a juya lam ɗin, saman ya koma ƙasa, domin ƙasa ce ke shan aiki. Rubutun Stihl zai koma a kife, ba komai. A yashe kwarin da siririn ƙarfe daga hanci zuwa gindi, a huda ramin mai da waya. Kaifin da ke fitowa a gefen leɓɓa a goge shi da shimfiɗaɗɗen magagari kafin ya tsage. Zurfin kwari kada ya gaza milimita 6 ga sarƙar 3/8, in ya gaza ƙafafu suna dukan ƙasa, haƙora su daina zama a kan leɓɓa. In yanka yana karkata gefe ɗaya, a fara zargin sarƙa, wataƙila haƙoran gefe ɗaya sun fi tsawo. In an sa sabuwar sarƙa bai daina ba, leɓe ɗaya ya fi ɗaya cinyewa. A jingina rula a jikin lam ta taɓa gefen haƙori: in akwai ƴar tazara tsakanin rula da jikin lam, kwarin na nan da ransa, in rular ta kwanta sarƙa ta kauce, ya buɗe. Pinyo kuma a canza shi bayan sarƙa biyu, ko in zanen da sarƙa ta yi masa ya kai zurfin rabin milimita. Tsohon pinyo yana lalata sabuwar sarƙa cikin yini ɗaya. Mai haƙora 7 ya fi dacewa da wannan inji, mai 8 yana ƙara gudu ya rage ƙarfin ja, kuma da lam na 63 ƙarfin ja ake nema.

Ɗaurin sarƙa yana da tsari. A sassauta notuna biyu, a ɗaga hancin lam sama da hannu ɗaya, a murɗa sukurun ɗauri har sarƙa ta kwanta a ƙasan lam amma tana jawuwa da hannu mai safa, sannan a ɗaure notuna hancin yana ɗage. Doguwar sarƙa ta fi miƙewa in ta yi zafi, don haka mai na 63 zai riƙa tsayawa yana dubawa fiye da mai na 50, sabuwar sarƙa kuma ta fi kowacce. In an ƙara ɗauri tana da zafi, a sassauta ta da an tashi aiki. Tana hucewa take tsukewa, ta ja sandar inji da ƙwallayenta har cikin dare.

Masu tsaga katako da azara su ne kaɗai za mu ce wa dogon lam dole ne, kuma su ma ba da wannan inji ba. Tsaga ta tsawon itace ta fi datsawa cin ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa tsohon Stihl 070, mai cc 105.7 da nauyin sama da kilo 10, yake nan har yau a hannun masu katako a Afirka ta Yamma, da sarƙar .404 da lam na 75 ko 90. Juyinsa a hankali ne amma ƙarfin jansa mai yawa. Sarƙar tsaga ana wasa ta a digiri 10 maimakon 30, fuskar katako ta fito da santsi. Wanda ya sa MS 382 wannan aiki yini bayan yini, da fetur ɗin da aka haɗa da ido, ba zai daɗe bai nemi fistan ba. Haɗin da kamfanin ya faɗa da mansa na inji mai bugu biyu shi ne kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a lita 5, a auna da sirinji ko kwalbar da aka yi wa alama.

In an kira mutum aikin dabino, irin na kwarin Gidimuni, ko na giginya, tsawon 50 ya isa domin gindinsu ba shi da faɗi sosai, amma zarensu yana cushe kwarin lam da bayan murfin kuloci, ruwansu kuma yana cin ƙarfen jikin inji. A ranar da aka gama, kafin a ajiye, a kwance lam da sarƙa, a wanke bayan murfin da buroshi, a busar, a shafa mai a kwarin da hanci.